Ba Bilkisu Ce Ta Yage Su Ba

Zuwa gare ki Lailatu, sanyin idona, inuwar da nake gudowa in rana ta take, ruwan randa ga mai azumin bazara, uwar 'ya'yana kuma abokiyar gardamata. Sallama gare ki, da gaisuwar mutumin da ya san ba dole ne a amsa masa ba.

Yau kwana huɗu ke nan rufi ɗaya ya rufe mu, amma maganarki gare ni ba ta wuce "abinci na nan" da "a dawo lafiya" ba. Tuwo bai canja ba, kayana a goge suke, ba ki ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da faɗa kika yi, wallahi da ya fi mini sauƙi. Shi ya sa na ɗauki biro, kuma zan sa takardar nan cikin littafin da kike karantawa, daidai inda tsinken tsintsiyarki yake, don na san ko wa kika ƙaurace wa, nan kam za ki dawo.

Bari in fara da abin da idonki ya gani. Ranar Asabar da ake kwashe kaya don a yi wa ɗaki fenti, kin buɗe tsohuwar adakar mahaifina, kin tarar da ambulan a can ƙasa. A cikinsa akwai babin ƙarshe na littattafai huɗu, kowanne an yanke shi da reza. Kin jera su a kan gado, kin fita kin bar ni da su. To, ni na yanke su, Lailatu. Ba ƙanwarki Bilkisu ce ta yage su ba. Rana dubu ta ɓarawo, tawa ta ƙare ranar Asabar.

Kin san adakar nan, amma ba ki san yadda na tashi da ita ba. Mahaifina malamin Turanci ne, kuma duk inda ya ji wani malami zai bar gari yana sayar da tsoffin littattafai, sai ya ɗauki kekensa. A gidanmu na Ƙofar 'Yandaka ba ka taɓa adakar sai ka wanke hannu ka nuna masa. Na fara da ƙananan littattafan tatsuniya masu hotuna, na wuce zuwa labaran matafiya da 'yan fashin teku, daga baya na iske na binciken kisa a ƙasa, takardunsu sun yi ja, suna warin tsufa. Amma ni raggon makaranci ne tun asali. Ƙarshen nake fara buɗewa in ga wa ya yi, in hankalina ya kwanta sannan in koma farko. Zuciyata ba ta iya jira.

Ke kuwa saɓanina ce. Kin ba ni labarin yadda kina 'yar shekara bakwai kike miƙe takardar da aka ƙunso ƙosai ki karance ta da mai da komai, da yadda ake aiken ki sayen gishiri a same ki a tsaye kina karanta allon shago. Har yau ba ki lanƙwasa shafi, ba ki karatu sai da fensir a hannu da aya a gefe. In kin kai shafi na hamsin sai ki rubuta sunan wanda kike zargi a cikin bangon farko, ki ja layi. Ba ki son na harbe-harbe da tseren mota. Naki shi ne tsohon gida a ƙauyen Turawa, ruwa na zuba, an sa wa attajiri guba a shayi bayan ya sake wasiyya, kowa a gidan yana da abin ɓoyewa, daga ƙarshe a tara su a falo a warware. Kin ce ba ki ga bambancinsu da mu ba, rigimar gado ce kawai aka sa mata kwat. Kuma kina da doka ɗaya da ba ki karyawa: ba ki leƙa bayan littafi ko da wasa. Kin ce leƙen ƙarshe sata ce. Da wannan dokar taki na cuce ki.

Ƙanwata ce ƙawarki, ita ke kai miki littattafan. Sau ɗaya na gan ki, a ƙofar gidanmu, kina jiran ta kina karatu a tsaye, kuma tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Littafi ya je ya dawo, wani ya je ya dawo, ba abin da ke biyo shi sai "ta ce ta gode". Da wane dalili zan taka zauren gidanku? Me zan ce wa Baba na zo yi? Ba ni da aiki tukuna, ba ni da baki, sai adaka. Rannan ina zaune da rezar fiƙe fensir a hannu, Shaiɗan ya zauna kusa da ni.

Bayan kwana uku saƙo ya zo: littafin ba shi da ƙarshe, kuma kin kasa cin abinci. Kin tuna yammacin nan? Bayan la'asar ne, a zaurenku na Gobarau, wata akuya na ta cin gefen tabarma ba wanda ya kore ta. Kin fito da littafin a ƙirji, ko gaisuwa ba ki gama ba kika ce, "Malam, don Allah hwaɗa mani, likitan ne ko?" Likitan ne kuwa. Amma sai da na ja labarin har aka kira magariba, ina kallon yadda girarki ke haɗuwa in na kauce hanya, da yadda kike buga fensir a tafin hannu. Ban taɓa ganin fuskar da tunani ke yi wa kyau irin taki ba. Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Da a nan na tsaya, da yau dariya muke yi. Na yanke na biyu, na yanke na uku. A na ukun ne kika fito kanki a sunkuye kika ce kin gano mai yi. Bilkisu ce, ƙanwarki, lokacin shekararta goma sha biyu, tana yin alawar madara tana kaiwa makaranta, kuma an sha kama ta tana yagar tsoffin littattafan rubutu don ƙunshi. Kika ba ni haƙuri a madadinta. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na gyara zama na ce, "Ba komai, yarinta ce." Har Hajiya mahaifiyarki ta aiko a gaya mini an ga haƙurina.

Na huɗun shi ne wanda ba ni da bakin kare shi. Na san an riga an ɗora wa yarinya laifi, na sake ɗaukar reza. Ke kuma kin ɓoye littafin a ɗakin Hajiya, da kika kai ƙarshe kika ga wayam, sai kika kai ƙara. Marigayi Baba bai yarda da wasa da kayan aro ba. Ya zane ta, tana rantsuwa yana ƙarawa don rantsuwar. Daga ranar aka sa mata Gara, mai cin takarda. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta ɗakin miji, yau 'ya'yana da na haifa Anti Gara suke ce mata, ina ji, wani lokaci har in yi murmushi.

Ke ce kika koya mini cewa in an yi ɓarna, tambayar farko ita ce wa ya amfana. Shekara goma sha tara kina kama masu laifi tun shafi na hamsin, alhali wanda ya amfana yana gefenki yana miƙo miki aya. Ba don basirarki ta gaza ba ne. Ba ki taɓa sa ni cikin waɗanda ake zargi ba, shi ke nan. Wannan ne ya fi komai ƙona ni.

Za ki ce me ya sa ban ƙone takardun ba. Na sha ɗauko ashana. Amma duk lokacin da na buɗe ambulan sai in ji muryarki a zaure, sai in mayar. Ba zan yi miki wata ƙaryar ba: ina nadamar hawayen Bilkisu har cikin ƙashina, amma na kasa nadamar yammacin nan huɗu. Ta yaya mutum zai yi nadamar ƙofar da ya shigo ya same ki? Ina son ki, Lailatu, fiye da yadda nake son ki a lokacin, don lokacin fuska na sani, yanzu kuwa na san hali. Ke kika mayar da ni makaranci na gaske. Rabon da in leƙa ƙarshen littafi tun shekarar da muka yi aure.

Jiya bayan na tashi daga aiki na je gidan Bilkisu a Ƙofar Kwaya. Na nemi mijinta ya zauna, na faɗi komai a gabansa, ban rage ba. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni. Sai kawai ta ce, "Yaya Mudassir, kai lokacin baƙo ne, mi zan riƙe ka da shi? Na yahe maka. Amma ni da Yaya Lailatu ɗaki ɗaya muke kwana. Na kama hannunta na rantse mata, ta ce mani mai laihi shi ke hwara rantsuwa, haka ta gani a littahi." Ta ce tun daga ranar ba ta sake buɗe littafin labari ba, ko na 'ya'yanta sai dai ubansu ya karanta musu. Da na tashi tafiya ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Ba kai nike jira ba. Ita nike jira."

A kan hanyar dawowa na fahimci shirunki. Ba ni kaɗai kike fushi da shi ba. Na ga kin ɗauki waya sau biyu shekaranjiya kin ajiye. Ki sani laifin nawa ne, ni na haƙa ramin, ke gaskiya kika nema da abin da aka nuna miki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, kowa ya hallara a gidan Hajiya kamar kullum, zan miƙe in faɗa da bakina, a gaban yayyenki, a gaban yaranmu, kuma daga ranar duk wanda ya sake kiran ta da sunan nan ni zai gani. Kunyar da zan sha ba ta kai bulala ɗaya ba.

Amma akwai maganar da ba zan iya yi a madadinki ba. Bilkisu ta ce gobe tana gida, ba za ta fita ba. Zan kai ki da hantsi, in tsaya a waje, ko za ki kai la'asar ba zan yi oda ba. Ba sai kin yi mini magana a mota ba. Ki shiga wurin ƙanwarki, ku yi abin da za ku yi. In kin fito da sauran tausayi a zuciyarki, ki rago mini kaɗan. In kuma duk ya ƙare a can, na yarda, ta riga ni a layi da shekara goma sha tara.

Naki ne ni, ko kin yi magana ko kin yi shiru, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Mudassir