Takin da Bai Iso Ba

Wudil, daren Juma'a, farkon damina

Ruwan shuka ya sauka, takin zamani bai iso ba. An ce jiragen siminti sun toshe tashar Ikko, jirgin takinmu yana kan teku yana jiran layi.

Da kaka ni na hana Ardo sauka da garkensa a gonarmu. Tun zamanin kakana shanunsu ke cin karanmu, su bar mana taki, ƙasa ta mayar da shi dawa. Na ce al'ummar da ke da arzikin fetur ba za ta jingina makomarta da kashin shanu ba. Har yanzu hujjata ingantacciya ce a ilmance.

Yau Baba ya damƙi ƙasar, ta ƙi dunƙulewa, fara fat kamar rairayin kogi. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam mai digiri, yaushe jirginka zai zo?"

Na ce, "Baba, tangarɗa ce ta wucin gadi a tsarin rarrabawa."

Ya ce, "To, Allah ya kawo shi."

Tun ɗazu nake jin kukan shanu a bayan gida. Na leƙa da fitila, babu ko ɗaya. Gobe a haka za mu shuka.