Kanwar Bututun Mai

Daren Laraba, Dingyaɗi, rani na goma bayan farin da ya ƙare mana shanu.

Umaru ɗan ƙanena ya dawo yau daga kudu, inda suke haƙar mai. Ya biyo ni garkar albasa, ya ga tsofaffin bututan da na samo kasuwar Boɗinga. Ya leƙa cikin ɗaya.

"Baba, ina farin ɓawon da ke manne ciki?"

Na ce na kankare shi tun kaka. Kanwa ce, ita nake jiƙa wa awaki.

Sai Umaru ya zauna a ƙasa. Wai ba kanwa ba ce, guba ce, tare da ruwan rijiyar mai abin ke fitowa, kuma can wurinsu in an kara masa na'urar gwaji sai ta yi ta ƙara. Ba wari, ba ɗaci, sai bayan shekaru yake cin ƙashin mutum.

"Kai Umaru, mi ka sani? Tun ba a haifi ubanka ba nake ba dabba kanwa."

Ban gaya masa ba, nonon awakin nan Hauwa'u jikata ke sha tun da na uwarta ya ƙafe. Wata biyar. Ni da hannuna nake tatsa mata. Ɗazu ta yi tari. Ya Allah, kada ka kama ta da taurin kaina.

Ban taɓa taka asibiti ba. Gobe da asuba zan hana tatsar, in zuba ragowar ɓawon a gwangwani, in ɗauki Hauwa'u mu tafi Sakkwato. Uwarta zan fara gaya wa.