Inna Ta Hana Mu Kira Ka

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya karatu, ya zafin Kalaba? Ya Maryam da goyo? Ya kuma ƙarin haƙurinmu?

Na ga wasiƙarka, kana tuhumata da ɓoye maka ciwon Inna. Ba ni na ɓoye ba. Ranar da muka kawo ta asibiti nan Dutse daga Taura, na ce zan je in buga maka waya. Ta riƙe mini mayafi, ta ce, "Hadiza, ban yafe ba in kin taso shi. Bari ya gama jarrabawa."

Ba ta taɓa gane wannan digirin naka na biyu ba. Kawu Bello ya sha yi mata tsiya, wai Jigawa ba teku, me za a yi da mai tsara garuruwan bakin teku da wuraren yawon buɗe ido? Sai ta ce, "Ɗana saukar baƙi ya je koyo, ai baƙo ba ya ƙarewa."

Gaskiyarta. Da ta cika, baƙi har daga Ringim, tabarmi suka ƙare. Kowa ya shigo sai ya tambayi ina mai saukar baƙin. Kawun ne ya riƙa amsawa, yana share ido: "Yana inda ta ajiye shi."

Don haka kada ka kuskura ka baro karatun nan kamar yadda ka rubuta. Ta riga ta biya shi da rashin ganinka.

Ka sa ta a addu'a, mu ma haka. Ka gaishe da Maryam.

Yayarka,
Hadiza