Famfon Baffa Reijo

Kuopio, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taka, ya Mama da ciwon bayanta? Ni lafiyata ƙalau, abinci ne kawai ba ya shiga.

An ba ni aikina na farko, auna fomaldihaid, gubar da gam ke fitarwa, a masana'antar katakon da ka yi shekara talatin. Mutum shida na rataya wa ɗan famfon zuƙar iska a ƙugu, da ɗan bututun da ke kama gubar a wuyan riga. Na shidan abokinka ne, Baffa Reijo, mai injin matse katako. Ya yi ta tsokanata, wai jiya-jiya nake satar masa sukarin kofi, yau na zo auna masa numfashi. Kafin in gama ɗaura masa ya yi tari sau huɗu. Na ƙirga.

Jiya sakamako ya fito. Iyaka 0.37 ce. Biyar ɗin suna tsakanin 0.19 da 0.28, nasa 0.02. Famfon ya yi minti 480 cif, na gwada ƙarfinsa safe da yamma. Amma bututunsa cike yake da asiton, sinadarin wanke fenti, kuma ka san asiton wuri ɗaya ake ajiye shi, ɗakin masu gyara, inda akwatunan tufafi suke. Can famfon ya wuni, Baba, ba a jikinsa ba.

Shugabata Marjut ta ce lamba ce mai kyau, in sa hannu kafin Juma'a. In na sa, huhunsa ne zai biya. In na rubuta gaskiya, takardar gargaɗi ce a gare shi, saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya. Na karanta ƙa'idar aikin sau uku, babu layin da ya ambaci abokin uba.

Ka gaishe da Mama.
'Yarka, Kaisu

Kuopio, 24 ga Oktoba

Baba,

Ina fata kuna lafiya. Kifin da Mama ta aiko ya iso.

Na bi shawararka, na sami Baffa Reijo shi kaɗai. Bai musa ba. Ya ce in lambar ta hau za a rufe injin, mutum goma sha ɗaya ke ci a jikinsa, ni kuma da digirina sai in wuce wani gari.

A rahoton na rubuta cewa samfurin ya lalace, za a sake. Gaskiya ce, amma ba duka ba, kuma hakan na damuna. Ranar Talata na sake ɗaura masa famfon, na tsaya a bayansa awa takwas, har ƙofar banɗaki. Zuwa ƙarfe goma idona na ta zubar da ruwa saboda gubar. Ya miƙo min hankicinsa bai juyo ba, ya ce, "Ɗaure igiyar famfon da kyau, 'yar Veikko, kar ya sake ɓata."

Sakamakonsa 0.71, kusan ninki biyu na iyaka. Na sa hannu yau da safe.

Ka je ka duba shi, Baba. Ni ba zai buɗe min ƙofa ba tukuna.

Taka,
Kaisu