Baba Bai Tsallake Katanga Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina hutawa a wurin Ubangiji. Mu nan Zuru lafiya, dawa ma ta yi kyau bana.

Mama, an nuna wasan kwaikwayo a talabijin kan kisan Maigida, ɗan siyasar nan da Baba ya yi wa gadi yana soja. A gidan maƙwabta muka kalla da yamma, tunda su ke da janareta. Tsakar gida ta cika maƙil.

Gaskiya sun yi ƙoƙari. Motocin zamanin, kakin sojoji, duk sun yi daidai. Wanda ya fito a Maigida ya iya shiru, musamman yadda ya zauna yana kurɓar shayi alhali ya san ana tafe kashe shi. Makasan ma ba a mai da su dodanni ba, samari ne a tsorace da aka ba umarni. Wannan na yaba.

Amma da aka fara harbi, sai mai gadin ƙofa ya yar da bindiga ya tsallake katanga. Ko suna ba su ba shi ba, sai zanen fuska irin namu. Aka kwashe da dariya. Can wata ta tuna ina wurin, sai aka juyo ana kallona.

Na tuna labarin golmo, noman neman aure, yadda Baba ya yi shekaru yana noma gonar Kaka tare da samarin Dabai kafin a ba shi ke. Kin ce saurayin da ya bar layinsa a gona ba ya samun mata, kuma Baba ko maciji bai taɓa kauce wa ba.

Wataƙila masu wasan suna son wani ya gudu ne don a ga kaɗaicin Maigida. Na fahimta, amma raina ya ɓaci. Jikokinki suna zaune a gaba, kuma sun fi yarda da talabijin fiye da ni.

Sai na miƙe na faɗi abin da kika gaya mini sau ɗaya tak, muna ɓarar gyaɗa. Kin ce da aka kawo gawar Baba, sai da kika sa aka juya miki ita. "Harbin duk a ƙirji ne, bayansa ko ƙwarzane babu."

Na kuma faɗi sunansa da ƙarfi, Mama. Saje Bawa.

Allah ya ƙara miki hutu. In kuna tare, ki gaya masa jikokinsa sun ji ta inda harsashi ya shiga.

Taki har kullum,
Talatu