Makullin Shagon Kaguwa

Ina rubuta wannan da hankalina garau. Ƙafafuna ne suka kumbura, ba kaina ba.

Zan fara da yabon kaguwa da danginta, halittu masu daraja. Su suka gina gidan nan, su suka kai ku makaranta. Shekara arba'in ina sayar da su, ko ƙafa ɗaya ban taɓa kaiwa bakina ba, domin na fasa su na ga cikinsu. Kowace dabbar kirki tana rufe ƙashinta da nama, su nasu a waje yake. Haƙoransu a cikin tumbi. Jininsu ba ja ba, wani ruwa-ruwa mai shuɗi. Babban jatan landen nan mai hannun almakashi, wanda masu otal ke rububi, ta fuska yake fitsari, daga gindin gashin baki. Tir.

Na ɗaya. Gado a raba shi yadda shari'a ta ce, ba ruwana. Riƙon shago nake magana. Makullin shago da na ɗakin sanyi na 'yar'uwarku ta tsakiya ne.

Na biyu. Kai babban, na san za ka ce kai ne namiji kuma kai ne na fari. Na gan ka da idona bayan firiza, ka ɓalle kan jatan lande kana tsotsa har da lumshe ido. A cikin kan nan tumbinsa yake, da duk mushen da ya ci a ƙasan teku. Wata uku sikeli yana gaya mini kaya na raguwa, na yi ta zargin ƙanƙara. Ƙanwarka kuwa har yau sai ta toshe hanci take ɗaure hannun kaguwa, kuma da yatsa ɗaya take gane wadda ta yi saɓa, ɓawo cike da ruwa. Wanda kaya ke ba shi ƙyama shi ke sayar da su cif. Na bar maka motar ɗaukar kaya. Ba a cin taya.

Na uku. Auta, akwai wata ƙaramar kaguwa da ba ta da ɓawon kirki, sai ta jira dodon koɗi ya mutu ta shige gidansa. Ka fita daga ɗakina kafin a ɗauke ni, kada mutane su gane kamar da kuka yi da ita.

Na huɗu. Gabar da ke tsakaninku ku biyun manya ta ƙare ranar jana'izata. Waɗannan halittu in yunwa ta kama su a tanki ɗaya, ɗan'uwansu mai laushi suke fara ci. Na sha kwashe ragowar da safe.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku masu saye da ba sa tambaya. Ku riƙe uwarku, ku ci abinci a kwano ɗaya.

Kai babban, in ka gama fushi ka amsa wa kanka: da kai ne ni, wa za ka ba makullin?