Gwangwanin da ke Kusa da Sukari

Litinin, 3 ga Maris
Kwana goma sha tara da rasuwar mijina. Har yanzu akwai garin katako a aljihun rigarsa ta aiki. Ban wanke ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na koma asibiti karɓo takarda. Likitan ya zaunar da ni yana bayani a hankali, kamar yanzu bayanin zai yi wa wani amfani. Wai ciwon cinyar nan da ya yi ta fama da shi, maganin rage kitsen jini ne yake cin naman jikinsa, alama ce ta a dawo asibiti. Ƙodarsa ta kasa. Sai ya ce, "Kin tabbata ba ya shan maganin ciwon jiki? Irin waɗannan suna rufe ciwon, wasu kuma su ƙara wa ƙoda nauyi."
Na ce ba ya sha.
Wata bakwai suna rubuta masa magani, babu wanda ya buɗe baki ya faɗi haka sai da ya mutu.

Juma'a, 7 ga Maris
Ni nake ba shi ƙwayoyin ciwon jikin. Biyu da safe da shayi, biyu in ya dawo daga shago yana jan ƙafa. Ina ɓare su daga takardarsu in zuba a gwangwani kusa da sukari don kada ya manta. Yakan ce, "Likitata, a taimaka wa tsoho." Ranar da aka kwantar da shi nas ta ce in kawo duk magungunansa. Na kai na asibiti kaɗai. A kaina na gwangwani ba magani ba ne, abin shan shayi ne. Ko da fitsarinsa ya yi baƙi, cewa na yi rashin shan ruwa ne.

Laraba, 12 ga Maris
Mai kemis ɗin da nake sayen ƙwayoyin a wurinsa ya tsayar da ni yana mini ta'aziyya. Har da hawaye. Bai taɓa tambaya ta me mutumin yake sha ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Yayarsa ta zo, ta wuni tana tsine wa asibiti. Wai sun kashe mata ƙane. Na ci gaba da tsintar shinkafa. Da za ta tashi ta dafa bango, ta ce, "Amarya, cinyoyin nan kamar an yi mini duka. Ina 'yan ƙwayoyin nan da kike ba ƙanena?" Shekara ashirin da biyu tana ce mini Amarya.
Ita ma an ɗora ta a kan maganin kitsen, irin nasa. Abin a jininsu yake.
Na ce sun ƙare. Suna nan cike da gwangwani. Ta ce ba komai, za ta saya a hanya.

Talata, 18 ga Maris
In na faɗa mata, ba asibiti za ta tsine wa ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Na je gidanta da leda. Na kwashe duk magungunan da ke kan tagarta, har na ƙarƙashin matashi. Ta ce, "Ke, sata kika fara?" Na ce ta sa mayafi, asibiti za mu. A gaban likitan na juye ledar, na ɗora gwangwanina a gefe, na ce, "Wannan na mijina ne. Ran nan ƙarya na yi maka."
Yaya ta dube ni. Aka ɗebi jininta, aka ce ta dakata da maganin kitsen, muka fito.
A bakin titi ta ba ni hannunta in tsallakar da ita. Ƙila don ƙafar ce.

Asabar, 22 ga Maris
Ba ta kira ba. Na wanke rigar. Garin katakon na zuba a gwangwanin.